Kwangila 875 cikin dare ɗaya: yadda majalisar Amurka ta bi sawun kuɗin ƴan mazan jiya

Da aka ce in yi magana yau, wani aboki ya tare ni a ƙofa ya ce, "Kai kuma, duk matsalolin da ke gabanmu, sai ka kwashe mu ka kai Amurka?" Na ce masa ya yi haƙuri ya zauna. Wani lokaci sai ka leƙa gidan wani kake gane inda rufin ɗakinka ke yoyo. Kuma labarin da zan ba ku bai yi nisa da mu kamar yadda kuke zato ba, don wasu daga cikin mutanen da ya shafa sun sha ruwan Agadez, sun shaƙi ƙurar Tilaberi.

Bari in fara da ma'aikatar kanta. A Amurka akwai ma'aikata guda sukutum wadda ba ta da wani aiki sai kula da ƴan mazan jiya, wato waɗanda suka yi aikin soja suka aje kaki. Su suna taƙaita sunanta da VA. An kafa ta a 1930, ta zama cikakkiyar ma'aikata mai minista a 1989. Tana da manyan asibitoci wajen 170, da ƙananan gidajen likita sama da 1,000, kuma tsoffin sojoji kimanin miliyan 9 ne suka yi rajista suna karɓar magani a wurinta. Ita ke biyan diyyar naƙasa, ita ke biyan kuɗin karatu, ita ke riƙe da maƙabartun soja. A farkon 2025 ma'aikatanta sun haura 470,000. Ban da ma'aikatar tsaro, babu ma'aikatar da ta kai ta yawan mutane a ƙasar.

Ma'aikata irin wagga ba ta iya yin komai da hannunta. Tana ba da kwangila: wannan kamfani ya gyara na'urar hoton ƙashi, wancan ya tsabtace kayan tiyata, wani ya nemo likitoci, wani ya riƙe rajistar masu ciwon daji. Bisa lissafinta na farkon 2025, kwangilolin sun kai 90,000, kuɗinsu ya haura dala miliyar 67. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta nan da yaro ke sayen alewa da ita ba.

To, ranar 25 ga Fabrairun 2025, sabon minista Doug Collins, wanda ko wata guda bai cika a kujera ba, ya saki bidiyo a shafinsa na X. Ya ce sun gano kwangiloli na kusan dala miliyar 2 da za su soke. Ya ce kuɗi ne da ake zuba wa masu ba da shawara don su tsara hotunan da ake haskawa a taro, su rubuta abin da aka tattauna. Idan kun juya kuɗin zuwa sefa, kusan miliyar 1,200 ne, alhali kasafin kuɗin ƙasarmu gaba ɗaya na 2025 wajen miliyar 3,000 yake. Kwangilolin da aka lissafa 875 ne.

Ni da na fara jin maganar, wallahi sai da na ce madalla. Wa ke son a biya mutum miliyoyi don ya rubuta rahoton taro? Kuma kada wani ya ɗauka ma'aikatar nan tsarkakakkiya ce. Hukumar binciken kuɗi ta majalisarsu, wadda suke kira GAO, tun 2019 ta sa harkar sayayya da kwangilar VA cikin jerin wuraren da kuɗin gwamnati ke cikin babban haɗari. A 2018 sun sa hannu kan wata kwangila ta dala miliyar 10 da kamfanin Cerner don sabunta kundin bayanan marasa lafiya na kwamfuta. Aikin ya yi ta cin tuntuɓe har aka dakatar da faɗaɗa shi a 2023. Ɓarna akwai ta. Wanda ya ce a duba bai yi laifi ba.

Amma kafin gari ya waye, takardar jerin ta fita. Ma'aikatan cikin gida ne suka miƙa ta ga ƴan jarida da ƴan majalisa. Sanata Richard Blumenthal na jihar Connecticut, wanda shi ne babban ɗan adawa a kwamitin ƴan mazan jiya na majalisar dattawa, ya fito ya karanta wa duniya abin da ke ciki. Ashe a cikin jerin akwai ayyukan da suka shafi masu ciwon daji, akwai neman likitoci, akwai hidimar jana'iza, akwai tantance waɗanda suka shaƙi guba a fagen daga. Ranar 26 ga wata, kwana ɗaya tak bayan bidiyon, aka aika wa ma'aikata umarni su dakata. Ranar 3 ga Maris aka fito da sabon adadi: 585, masu darajar dala miliyar 1.8. Kuma a cikin sanarwar aka amsa cewa tunda an riga an kashe wani sashe, abin da zai dawo hannu wajen miliyan 900 ne.

Ku tsaya ku yi lissafin nan tare da ni. Daga 875 zuwa 585, kwangila 290 ke nan da ranar Talata aka ce ɓarna ce, kafin Litinin ta zagayo aka ce a'a, a bar su. Daga miliyar 2 zuwa miliyan 900, sama da rabi ya narke cikin kwana shida. Ba kotu ta yi hukunci ba, ba doka aka kafa ba. Takarda ce kawai ta fita daga aljihun tebur, mutane suka karanta.

Maganar gubar nan tana buƙatar in ɗan daɗe a kanta, don nan ne abin ya fi ciwo. A Iraƙi da Afganistan, sansanonin sojan Amurka suna da manyan ramuka inda ake ƙona komai: roba, batir, tayoyi, sharar asibiti, a zuba man jirgi a cinna wuta. Sojoji suna kwana suna tashi cikin hayaƙin. Da suka koma gida, wasu suka kamu da ciwon huhu, wasu ciwon daji, ma'aikatar kuma ta yi shekaru tana ce musu su kawo hujjar cewa hayaƙin ne sanadi. Ta ina mai jinya zai samo irin wannan hujja? A ƙarshen Yulin 2022, da dokar da za ta gyara wannan ta cije a majalisar dattawa, tsoffin sojoji da iyalansu suka shimfiɗa tabarma a matakalar majalisa, suka yi kwanaki a nan. Aka zartar da ita, shugaba Biden ya sa hannu ranar 10 ga Agustan 2022. Sunanta dokar PACT. Ma'anarta, idan ka yi aiki a wuri kaza a lokaci kaza, ka kamu da ciwo kaza, gwamnati ta ɗauka daga can ka samo, ba sai ka yi ta jayayya ba. Sai takardun neman diyya suka yi ambaliya, aka ɗauko kamfanoni su taya aikin dubawa. To idan ka soke kwangilar mai dubawa, dokar tana nan a littafi, ba wanda ya taɓa ta, amma mutumin da ke tari da jini zai ƙara watanni a layi. Kun ga yadda ake iya kashe doka ba tare da an soke ta ba?

Yanzu tambayar da ta tara mu: majalisa fa, me take da shi a hannu?

Kundin tsarin mulkinsu ya ce ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai majalisa ta ware shi da doka. A 1974, bayan shugaba Nixon ya riƙa riƙe kuɗin da majalisa ta ware yana ƙin kashewa, suka kafa dokar da ta ce idan shugaba yana son fasa kashe wani kuɗi, dole ya rubuto, kuma idan majalisa ba ta amince cikin kwanaki 45 na zamanta ba, dole ya saki kuɗin. Da jin haka sai ka ce ai shi ke nan, an ɗaure gwamnati. Amma akwai ƙofar baya. Kusan kowace kwangilar gwamnatin Amurka tana ɗauke da wani sharaɗi da ya ba gwamnati damar ta soke ta duk ranar da ta ga hakan ya fi mata, ko da ɗan kwangila bai yi laifin komai ba. Abin da ke kanta shi ne ta biya aikin da aka riga aka yi da kuɗin rufewa. Majalisa tana ware kuɗi ne a dunƙule, ta ce ga na magani, ga na gine-gine. Ba ta kaɗa ƙuri'a a kan kowace kwangila. Saboda haka minista zai iya cewa, "Ban riƙe kuɗi ba, na juya su ne zuwa wani aiki a cikin jaka ɗaya," kuma ta fuskar doka maganarsa tana da ƙafa. Abin da ya rage wa majalisa shi ne ta tambaya: wanne ka soke, don me, wa zai yi aikin yanzu, ina kuɗin suka tafi?

Tambaya kuwa tana da matakai. Akwai wasiƙa, wadda kowane sanata ko depite zai iya rubutawa, minista kuma zai iya jefa ta cikin kwando. Akwai zaman sauraren bahasi, inda ake kiran minista ya zauna gaban kwamiti a bainar jama'a. Akwai sammaci na tilas, wanda ƙin amsa shi laifi ne. To amma kiran zama da ba da sammaci, duka suna hannun masu rinjaye. A 2025 jam'iyyar Republican ke da fadar shugaban ƙasa, ita ke da majalisar dattawa da kujeru 53 cikin 100, ita ke da majalisar wakilai. Shugaban kwamitin dattawa Jerry Moran na Kansas ɗan jam'iyyar minista ne, haka Mike Bost na Illinois a ɓangaren wakilai. Moran ya nuna damuwa, ya ce a riƙa sanar da majalisa, amma bai ɗaga sanda ba. Ƴan adawa suka koma suna shirya nasu zaman na gefe, suna gayyato waɗanda aka kora da waɗanda aka soke wa kwangila su ba da shaida. Zama ne da ba ya tilasta wa kowa komai, sai dai kyamara tana ɗauka.

Collins ya zo gaban kwamitin dattawa a watan Mayu, aka yi ta musayar zafafan kalamai. Jerin kwangilolin da aka soke, wanda ake nema tun Fabrairu, sai a tsakiyar Mayu aka miƙa wani, mai ɗauke da sama da 400, kuma sanatocin da suka nema suka ce bai cika ba, ga kurakurai. Wata biyu da rabi kenan, majalisar da ta fi kowace ƙarfi a duniya tana roƙon takarda ɗaya.

Ku kwatanta da 2014. A shekarar aka bankaɗo cewa asibitin VA na birnin Phoenix yana ɓoye jerin masu jiran ganin likita, wasu suka mutu suna jira. Lokacin Obama ke mulki, ƴan Republican ke riƙe da majalisar wakilai. Kwamiti ya ba da sammaci, aka yi zama har cikin dare, minista Eric Shinseki, janar mai taurari huɗu, ya aje aiki ranar 30 ga Mayu, kafin ƙarshen Agusta an kafa sabuwar doka. Kayan aikin iri ɗaya ne da na 2025. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke riƙe da su. Ni wannan ne ya fi tsaya mini a rai, kuma ba jam'iyya ɗaya nake zargi ba. Kowace cikinsu haƙoranta sun fi kaifi idan ɗan wani gida ne a kan kujera.

Akwai kuma wani ido na cikin gida, babban sufeto, wanda doka ta ba ƴancin binciken ma'aikatar da yake ciki ya kai rahoto majalisa. Na VA, Michael Missal, yana kan aiki tun 2016. Ranar 24 ga Janairun 2025, kwana huɗu da rantsar da Trump, aka sallame shi da dare tare da takwarorinsa sama da goma sha biyar. Doka ta ce sai an ba majalisa sanarwar kwana 30 tare da dalili. Ba a yi ba. A watan Satumba wata alƙaliya a Washington ta ce korar ta saɓa doka, amma ba ta mayar da su kujerunsu ba. Wadda aka naɗa a gurbinsa, Cheryl Mason, kafin nan mai ba Collins shawara ce. Ba na cewa ba za ta yi gaskiya ba. Ina cewa ku lura da jerin: an cire mai gadi a Janairu, an soke kwangiloli a Fabrairu.

Sai ga abin da ya fi ba ni mamaki, kuma ba majalisa ta tono shi ba, ƴan jaridar ProPublica ne, a watan Yuni. Hukumar nan ta rage kashe kuɗi, DOGE, wadda Elon Musk ya jagoranta, ta tura wa VA wani injiniyan manhaja mai suna Sahil Lavingia, mutumin da bai taɓa aikin lafiya ko na kwangilar gwamnati ba. A kwana na biyu da kama aiki ya haɗa wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, ya ce ta karanta kwangiloli ta ware waɗanda za a iya lamushewa. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan, ta ci da taunawa. Manhajar ba ta karanta kowace kwangila har ƙarshe, haruffa 10,000 na farko kawai take dubawa. Ta ware sama da 2,000. Sama da 1,000 ta liƙa musu farashin dala miliyan 34 kowace, alhali wata a ciki 35,000 ce. Cikin waɗanda ta nuna kuma aka soke har da kwangilar kula da wata na'urar binciken ƙwayoyin gado da ake amfani da ita wajen neman maganin ciwon daji. Shi kansa Lavingia ya amsa cewa an yi kurakurai, ya ce bai kamata kowa ya bi abin da manhajar ta faɗa ido rufe ba. Ma'aikatar ta ce mutane ne ke yanke hukuncin ƙarshe, ba na'ura ba. Blumenthal da sanata Angus King na jihar Maine, wanda ba ya cikin kowace jam'iyya, suka rubuta wa ofishin sufeto su bincika.

Mu da muke yini muna tambayar waya ta rubuta mana takardar neman aiki, mu riƙe wannan. Na'ura ba ta zama gaban kwamiti, ba a rantsar da ita, ba ta aje aiki don kunya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: su wa ke riƙe da kwangilolin? Wata doka ta 2006 ta wajabta wa VA ta fifita ƙananan kamfanonin tsoffin sojoji, musamman waɗanda suka naƙasa a bakin aiki, kuma kotun ƙoli ta ƙarfafa wannan a 2016. Don haka da yawa daga cikin waɗanda aka yanke wa kwangila su ma ƴan mazan jiya ne, masu ɗaukar ƴan uwansu aiki. Bulala ɗaya ta sami mutum sau biyu, a layin asibiti da wurin neman abinci. A ƙasar da tsoffin sojoji sama da 6,000 ke kashe kansu kowace shekara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na ce muku labarin bai yi nisa da mu ba. Ranar 4 ga Oktoban 2017, a Tongo Tongo, aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da namu. Bayan haka sanata Lindsey Graham, ɗan kwamitin harkokin soja, ya fito a talabijin ya ce bai san suna da sojoji wajen 1,000 a Nijar ba. Majalisar da ba ta san inda aka tura sojanta ba, ita ce daga baya take neman sanin abin da aka yanke masa bayan ya dawo. Waɗanda suka zauna a sansanin Agadez har suka kwashe a 2024, duk wanda ya aje kaki cikinsu, ƙofar VA zai ƙwanƙwasa.

Mu kuma mun san ɗacin wannan tun kakanni. Waɗanda anka kwasa daga garuruwanmu sunka yi wa Faransa yaƙi, wata dokar kasafin kuɗi ta Disamban 1959 ce ta daskarar da fanshonsu, layi kaɗan a cikin littafi mai kauri. Bafaranshe fanshonsa na hawa, na baƙin soja yana tsaye wuri guda. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara; babbar kotun mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, lokacin ya riga ya rasu. Sai a 2010 kotun tsarin mulki ta rushe bambancin. Shekara 50. A nan majalisa ce da kanta ta sa hannu, don waɗanda abin ya shafa ba su da ƙuri'a a Paris, ba su da depite da zai tashi ya tambaya. Kuma a gida, kun tuna binciken ma'aikatar tsaro na 2020 da ya ambaci miliyar 76 na sefa, a daidai lokacin da muke binne sojojin Inates da Shinagodar. Tun 26 ga Yulin 2023 ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisa. Ba wannan ne jigon yau ba, amma tambayoyi huɗun nan, wanne, don me, wa zai yi aikin, ina kuɗin, ba sai mutum yana da kujera yake iya yin su ba, kuma matar sojan da ya faɗi tana da haƙƙin jin amsarsu.

A Amurkan, me aka samu a ƙarshe? An ceto 290 a makon farko. Shirin rage ma'aikata sama da 80,000 da wata takardar sirri ta fallasa a Maris, a watan Yuli aka sauko da shi zuwa kusan 30,000, ta hanyar ritaya da barin aiki, ba kora ba. Matsin ƙungiyoyin tsoffin sojoji da na ƴan majalisa daga ɓangarorin biyu yana cikin abin da ya jawo haka. Kwangilolin da aka soke kuwa, yawancinsu sun tafi ke nan.

Abin da ya sa ƴan jarida suka iya kama kurakuran shi ne wata doka ta 2006, wadda Obama, lokacin yana sanata, da Tom Coburn na Republican suka ɗauki nauyinta. Ita ta haifi shafin USAspending, inda ake wallafa kwangilolin gwamnati da sunan kamfani da adadin kuɗi. Da irin waɗannan bayanan na fili aka gano cewa wata kwangila da DOGE ta yi shelar ta ceto dala miliyar 8 a kanta, ashe miliyan 8 ce. Shafin a buɗe yake, daga nan ma yana shiga idan rezo ya yarda. Kafin haɗuwarmu ta gaba ina so mutum uku su sa kai: kowa ya zaɓi kwangila ɗaya ta VA a can, ya zo ya gaya mana nawa ce, wa ya samu, yaushe za ta ƙare. Sannan ya zaɓi aiki ɗaya na unguwarsu, kwalbati ko aji ko famfo, ya gwada nemo amsa ukun nan, ya gaya mana ƙofa nawa ya ƙwanƙwasa. Mai so ya ba da sunansa wurin ƴar uwarmu da ke riƙe da littafi a bakin ƙofa. Yanzu a kawo tambayoyi, mu fara da na baya can da ya daɗe da ɗaga hannu.